Miyar Japanawa da Miyar Gidana

Saboda wata akuya na daina cin nama. A lokacin muna haya a Trikania, ina koyar da lissafi a makarantar firamare, kuma tun tana 'yar ƙarama nake kiwon akuyar nan don mu yanka da Kirsimeti. Ranar jajibere ni da kaina na riƙe wuƙa. Da muka farke cikinta sai ga 'ya'ya biyu kwance, har sun fara gashi. Ban san tana da ciki ba. A zatona dusar da nake ɗura mata ce ta sa ta yi wannan tumbi, har ina nuna wa maƙwabta ina alfahari. Na ajiye wuƙar a ƙasa, na shiga ɗaki na durƙusa, na yi wa Allah alkawarin cewa daga ranar babu wani abu mai rai da zai sake shiga bakina, na tudu ne ko na ruwa. Da shinkafa da manja na yi Kirsimetin shekarar.

Wanda bai taɓa gwadawa ba bai san wahalar riƙe irin wannan alkawari a Kaduna ba. A nan idan ka ce ba ka cin nama, abin da za a yi maka shi ne a sa ludayi a tsame tsokar daga cikin miya, a miƙo maka kwanon ana murmushi, an yi maka gata ke nan. Ka ce ai da naman aka dafa, sai a dube ka kamar ka zautu, a ce to ai an cire. Wata ta taɓa ba ni ganda a gidan biki, ta rantse mini cewa ganda ba nama ba ce, fata ce. Ni kuwa haƙurina gajere ne. Na mayar da kwanuka da yawa, na ɓata da mutane da yawa, har aka san ni a coci. Idan ana rabon abinci sai ka ji mata suna cewa a tsallake Malam, kada ya fara.

Wuri ɗaya ne nake cin abinci hankali kwance, wato gidana. Matata tana dafa wa yara nasu da nama, ni kuma ta ware mini wata 'yar tukunya da ludayinta daban. Makonnin farko dai an sha fama. Miyar salam take, in yi loma uku in ture kwano, har wando ya fara sulɓe mini. Wata rana jiri ya ɗebe ni a gaban allo, sai da wasu malamai biyu suka riƙo ni har gida. Bayan wannan da kwana biyu ta kawo tuwon masara da miyar kuka, na kai loma ɗaya na tsaya. Wani daɗi na ji a can ƙasan harshe wanda ban san daga ina ya fito ba. Na tambaye ta me ta sa, ta ce daddawa ta canja. Ranar Lahadin da ta biyo baya na miƙe a coci na ba da shaida, na ce Allah ya ga alkawarina ya zuba albarka a tukunyata. Aka yi tafi. Na hango matata a layin zumuntar mata ta sunkuyar da kai, na ɗauka kunya ce irin ta wadda aka yaba a cikin jama'a.

Shekara goma sha ɗaya aka yi a haka. Muka koma Unguwar Sanusi, yara suka girma, na yi ritaya. Duk wanda ya ce mini miya ba ta daɗi sai da nama, gida nake jawo shi ya ɗanɗana ta matata, in tsaya a kansa sai ya yarda.

'Yarmu ta fari, wadda ke aikin jinya, ita ta ce za ta kai mu cin abincin Japanawa don murnar ritayata. Na yi dariya, na ce Japanawa a Kaduna? Ta ce akwai wani ɗan gidan abinci a kan hanyar Rido, kuma ta ji an ce abincinsu ganye ya fi yawa, zai dace da ni. Wata Asabar da rana ta kwashe mu a motarta, ni da uwarta.

Wurin bai fi falon gidanmu girma ba, tebur biyar ne da wani ɗan labule mai tsaga a ƙofar kicin. Mai shi wani dattijo ne ɗan Filato, gajere, kansa fari fat. Ya ba mu labari cewa tun yana saurayi ya yi wa injiniyoyin Japan girki lokacin da suka zo aiki a wajen matatar mai, a hannunsu ya koya, ya yi yawon otal-otal a Legas, da tsufa ya zo ya dawo ya buɗe nasa. Kafin ya gama na tare shi da huɗubata.

«Baba, ka saurare ni da kyau. Ba na cin nama, ba na cin kaza, ba na cin kifi. Kuma ba tsamewa nake nufi ba.»

«Babu wahala, Malam,» in ji shi. «Su ma can suna da irinka. Ka bar komai a hannuna.»

Abin da na gani a wannan yini har yau ban gama mamakinsa ba. Da farko aka ajiye mana tsinkaye biyu-biyu a maimakon cokali. Ina cikin juya nawa sai na waiga teburin kusa da mu, na ga wani mutum da kwat da laƙataye, da gani ma'aikacin banki ne, ya ɗauki yankan kifi ɗanye jawur, wanda ko wuta bai gani ba, ya tsoma a wani baƙin ruwa ya jefa a baki. Ban san lokacin da na ce «Yesu!» da ƙarfi ba. 'Yata ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na ce ta bar ni, ai mutumin nan yana da iyali, ya kamata wani ya gaya masa.

Sai aka kawo nawa. Shinkafa ce aka naɗe da kokwamba a cikin wani baƙin abu mai kama da takarda, wai ganye ne daga cikin teku. A gefe akwai wani ɗan koren curi, na ɗauka zogale ne aka niƙa, na kwashe shi gaba ɗaya na sa a baki. Wuta ta tashi ta hancina har tsakiyar kai. Hawaye ya wanke mini fuska, na riƙe tebur da hannu biyu, matata tana buga mini baya tana dariya har da shessheƙa. Ban gama farfaɗowa ba aka ajiye wani faranti mai kyau, a tsakiyarsa wasu farare guda huɗu rak. Na duba da kyau. Awara ce. Awarar da matan bakin titi suke soyawa su barbaɗa yaji, ita ce a nan aka ba ta faranti nata na kanta, ɗanya, sanyi ƙalau kamar daga randa aka tsamo ta. Na ce wa 'yata lallai duniya ta zo ƙarshe.

Da a nan aka tsaya da ban ƙara taka wurin ba. Amma daga ƙarshe dattijon ya kawo wata 'yar miya ruwa-ruwa a ƙaramin kwano, babu cokali, ya ce ɗagawa ake yi a kurɓa. Ya ce sunanta miso, da waken suya ake yin ta, a bar shi ya ruɓa kamar yadda muke yin daddawa. Na kurɓa a tsorace. Sai ga daɗin nan na ƙasan harshe, shi ɗin dai, wanda ban taɓa samunsa a ko'ina ba sai a tukunyar matata.

«Maman yara, kurɓi ki ji,» na ce. «Wannan ai miyar gidanmu ce! Ashe Japanawa 'yan'uwanmu ne.»

Ta kurɓa, ta ƙware, ta yi ta tari. Da muka tashi tafiya ta ce mu yi gaba, za ta leƙa ta yi wa mai girki godiya. Ta ɗan daɗe a bakin labulen nan, ni kuwa ina mota ina faɗa wa 'yata cewa uwarta akwai tarbiyya.

Daga ranar na zama ɗan gida. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata sai mun je, wani lokaci da 'yata, wani lokaci ni da matata a keke napep. Na koyi riƙe tsinkayen nan, na saba da awara mai sanyi, na daina kallon masu cin ɗanyen kifi sai dai ta gefen ido. Miyar kuwa kwano uku nake sha. Har dattawan coci biyu na taɓa ja zuwa wurin don su ga cewa a can ƙarshen duniya ma akwai mutanen da suka gane miya ba ta bukatar mai rai.

Wata na bakwai ne da fara zuwanmu, ko na takwas. Ranar wurin ya cika, dattijon yana ta kai da kawo shi kaɗai. Ya dire mini soyayyiyar awara mai zafi ya juya. Na ɗauki tsinkayena ke nan sai na ga abin da ke kan awarar yana motsi. Wasu siraran abubuwa ne masu launin ƙasa-ƙasa, kamar askin katako da ke zubowa a shagon kafinta, suna lanƙwashewa suna miƙewa, suna rawa a kan abincina. Na ture kujera na miƙe tsaye.

«Baba! Zo nan! Abin nan yana da rai!»

Ya sheƙo a guje, ya duba, sai ya dafe kai.

«Kai, sori, Malam, sori. Hannu ne ya saba. Ba rai gare shi ba, tururi ne yake kaɗa shi. Busasshen kifi ne ake kankarewa siriri haka. Bari in canja maka.»

Kifi. Na tsaya ina kallon farantin, ƙamshinsa yana hawo mini. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ƙamshin nan ba baƙo ba ne. Na dubi kwanon miyar da na riga na shanye har biyu.

«Baba, tsaya. Miyar nan fa? Me ke cikinta?»

«Babu kifi a ciki, Malam, ko ƙwaya. Ruwansa ne kawai.»

«Ruwan me?»

«Ruwan wannan ɗin. Ana tafasa shi da ganyen teku, a tace, a zubar da kifin. Wannan romo shi ne gindin girkinsu gaba ɗaya. Miya da shi, ganye da shi, har baƙin ruwan da kake tsoma awara da shi. Amma ai na tace sosai.»

Na tace sosai. Wato na gudo daga masu tsamewa da ludayi, na faɗa hannun mai tsamewa da rariya. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Na gaya masa cewa tun ranar farko na ce ba tsamewa nake nufi ba, na gaya masa alkawari ne tsakanina da Allah, na gaya masa wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Masu cin ɗanyen kifi suka ajiye tsinkaye suna kallon mu. Dattijon ya tsaya da tsumma a hannu, idanunsa sun yi rau-rau. Ya juya wajen matata yana neman mai ceto.

«Madam, abeg ki sa baki. Ai ke kin sani. Ranar farko ba ke kika zo kicin kika tambaye ni wane irin kifi nake sawa ba? Har kika ce nawa ya fi naki rashin ƙarni. Ni na ɗauka a gida ma haka ake yi masa.»

Na juya a hankali. Matata tana zaune, ta jera tsinkayenta biyu a kan tebur tana daidaita kawunansu da ɗan yatsa, ba ta ɗago ba. Na koma kan kujera. Fushin da nake yi da dattijon ya bi iska. Na tuna tarin da ta yi ranar farko. Na tuna kan da ta sunkuyar a coci.

Muka hau keke napep muka koma Unguwar Sanusi. Muna shiga gida ta wuce kicin da mayafinta a kafaɗa, na bi ta.

«Maman yara, me kike sa mini a miya?»

Ba ta yi musu ba. Ta miƙa hannu bayan buhun masara ta zaro wani tsohon gwangwanin madara, ta buɗe ta miƙo mini. Dakakkiyar daddawa ce, baƙa, irin wadda na sha gani a hannunta. Na kai hanci. Yanzu da na san abin da nake nema, ga shi nan a ƙarƙashin warin daddawar, a fili.

«Bandar kifi nake saya,» ta ce. «In cire kai da ƙaya, in daka tare da daddawa, in tankaɗe. Cokali ɗaya nake sa maka.»

«Tun yaushe?»

«Tun da aka riƙo ka daga makaranta.»

«Shekara goma sha ɗaya? Na tsaya a gaban ikilisiya na ce Allah ne ya sa albarka a tukunyata!»

«Ina wurin, Malam.»

«Kin sa na yi wa Allah ƙarya a gaban jama'a. Kin bar ni ina jawo mutane gida ina cika baki. Kin mayar da ni abin dariya, ke kaɗai kina kallo.»

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni. Na zaci kuka za ta yi, amma idonta a bushe yake.

«Ban taɓa yi maka dariya ba. Kuma ba ka yi ƙarya ba, tunda ba ka sani ba. Ni ce na sani. Duk ranar da zan ɗebi cokalin nan sai na ce, Ubangiji, wannan a kaina za ka rubuta, kada ka rubuta a kansa. Ka shiga ɗaki kai kaɗai ka yi alkawarinka, ba ka tambaye ni ba. Ni aka bari da tukunya, da yara huɗu, da miji yana ƙarewa a gabana kullum. Me kake so in yi?»

Na fita na bar ta tsaye da gwangwani a hannu.

Kwana uku ban ci girkinta ba. Burodi da shayi, sai ƙosan bakin hanya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Abu ɗaya da nake taƙama da shi a duniya shi ne ni mutum ne mai cika alkawari, ga shi ashe ko wata biyu ban cika ba. Amma duk lokacin da na fara ƙulla maganar da zan gaya mata, sai lissafi ya tsaya mini a rai, ni da na ƙare rayuwata ina koyar da shi. Sau biyu a yini take yi mini miya. Sau biyu a yini, shekara goma sha ɗaya, mace tana tsaye a kan tukunya tana roƙon Allah ya ɗora mata laifi don mijinta ya ƙoshi. Ni kuwa ina falo ina jiran tuwo, ina jin kaina kusa da waliyyi.

A yini na huɗu, da yamma, ta zo ta ajiye gwangwanin nan a gabana, a rufe, ta ce in riƙe a wurina. Ta koma ta kawo tuwon masara da miyar kuka. Ba ta zauna ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu da gefen zani, kamar sabuwar mai koyon girki.

Na wanke hannu na kai loma. Salam take, daidai da ta makonnin farko. Na ji ƙoƙarin da ta yi a ciki, ta ƙara daddawa, ta ƙara albasa, har da ɗan citta, amma abin nan na ƙasan harshe babu shi. Na ɗaga ido na ga yadda take bin hannuna da kallo daga kwano zuwa baki, tana ƙirga lomomin. Na yi ta huɗu, na yi ta biyar. Na ci gaba har na ga ƙasan kwano, na suɗe shi da yatsa.

«Yaya?» ta ce.

«Ta yi daɗi sosai,» na ce. «Akwai ƙari?»

Ta daɗe tana kallon fuskata. Sannan ta tako ta ɗauki kwanon.

«To, Malam,» ta ce a hankali, «kai ma ka fara irin tawa ke nan.»

Ta tafi ta ƙaro mini, na cinye wannan ma.